Yadda jagira ta ƙona ƙafar wata amarya a wajen cire gashi da leza

Duk wacce ta taɓa zuwa a cire mata gashi da leza ta san kafin a kunna na'ura sai an ɗauko wani ɗan fensir an zazzana fatar gida-gida, musamman in wurin mai faɗi ne irin ƙafa ko baya ko hannu. Yawancin mutane basa ma kallon fensirin, hankalinsu na kan na'urar da kuɗin da suka biya, toh amma mu da muke wannan aikin mun san launin fensirin nan kaɗai ya isa ya raba tsakanin aiki mai kyau da ƙuna mai barin tabo na watanni. Shi yasa nake so in baje muku lamarin wata ƙanwa da aka kawo mana ɗakin duba fata inda nake aiki, da izininta, ba sunanta ba sunan wurin da abin ya faru.

Yarinya ce ƴar shekara ashirin da ɗoriya, baƙa ce mai kyan fata, saura kamar wata biyu bikinta. Gashin ƙwauri ne ya dameta, duk sanda ta aske da reza sai ƙuraje su fito su bar ɗigo-ɗigon baƙi, halawa kuma ta gaji da zafinta, sai wata ƙawarta tace ai yanzu leza ake yi a huta. Ta je wani wurin gyaran jiki, ta biya, akayi mata zama na farko. Washegari yayarta ta kawota wajenmu tana ɗingishi.

Da ta ɗage zani, abin da na fara gani shine layuka. Ba ƙuna bace irin wadda ta bazu ko'ina, a'a, layuka ne miƙaƙƙu, wasu a tsaye wasu a kwance, sun gicciya juna daga ƙasan gwiwa har kusan idon sawu, faɗin kowanne bai wuce bakin fensir ba. Wasu wuraren sun yi baƙi ƙirin sun bushe, wasu sun taso da ƙananan bororo masu ruwa a ciki, kuma inda layi biyu suka haɗu nan yafi muni. Amma cikin gidajen, wato tsakanin layukan, fatar lafiyarta ƙalau, ɗan ja ne kawai da ƙananan kumburi a gindin gashi wanda dama haka ake gani bayan leza kuma yana bajewa da kansa. Sai wani wuri daban a saman idon sawun dama inda ƙunar ta fito da siffar fure.

Nace mata ƙanwata da me aka zana miki ƙafar nan? Tace Anti wlh farin fensirinsu ne ya ƙare, yarinyar da ke aikin ta duba durowa bata samu wani ba, sai ta buɗe jakarta ta ɗauko jagirarta baƙa tace bari muyi da wannan ai duk ɗaya ne. Tace duk sanda kan na'urar ya hau kan layin sai taji wani irin zafi daban kamar an ɗana mata wuta, har wata ƴar ƙara yake yi tas, ga ƙauri, tayi magana akace mata haka yake, ki daure, kyau sai da wuya. Ta daure har aka gama ƙafa biyun.

Toh ga abin da ya faru a zahiri. Leza bata san gashi ba. Haske ne mai launi ɗaya tak da ake harbawa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, shi kuma hasken duk abu mai duhu da ya tarar shine zai shanye shi ya maida shi zafi. A jikin gashi abin da ke shan hasken shine sinadarin melanin, wanda ke ba gashi da fata launi, in ya sha sai zafin ya gangara ya lalata saiwar gashin a can ƙasa. Wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Rox Anderson da John Parrish, su suka fitar da wannan ƙa'idar a 1983, cewa in ka zaɓi irin hasken da ya dace da kuma tsawon lokacin harbi da ya dace zaka iya ƙona abu ɗaya a cikin fata ka bar na kusa dashi. Duk na'urorin nan da kuke gani akan wannan ƙa'idar suke tafiya. Kun dai san bambancin wanda ya sa baƙar riga da wanda ya sa fara a ranar watan Afrilu, toh haka abin yake, sai dai nan zafin a cikin ƙiftawar ido yake taruwa kuma a wuri ɗan mitsitsi. Ita jagira baƙa me ke cikinta? Kakin da ke riƙeta da kuma launi, galibi baƙin kabon irin na gawayi ko baƙin sinadarin ƙarfe, kuma dukkansu suna shan hasken leza sosai. Ga shi kuma a saman fata take kwance, ba a can ƙasa ba, dan haka hasken kafin ma ya kai ga gashi ya tarar da ita, ta ɗau zafi, ta dafa fatar da ke ƙarƙashinta. Ƙarar da taji tas tas ɗin nan jagirar ce ke ƙonewa.

Abin da zai ƙara nuna muku ƙarfin lamarin shine na'urar farko da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a cire gashi da ita a 1995, a lokacin da gangan ake shafa wani baƙin mai na kabon a fata ya shiga ramin gashi, sannan a harba leza, saboda an san baƙin kabon zai kama hasken. Har yau akwai gyaran fuska da ake yi da kabon da leza amma ba da irin na'urorin cire gashi na yanzu ba, kuma da saiti daban. Kunga kenan wanda ya zana miki layi da baƙin fensir sannan ya bi ta kai da ƙarfin cire gashi, ya nuna wa na'urar inda zata ƙona ne da hannunsa.

Mu kuma masu baƙar fata dama tun farko a bakin gaɓa muke. Akwai ma'aunin launin fata da wani likita Thomas Fitzpatrick ya fara a 1975, yanzu mataki shida ne, daga farin da rana ke ƙonawa nan take har zuwa baƙi sosai, yawancinmu a na 5 da na 6 muke. Fatarmu kanta cike take da melanin, dan haka tana rige-rigen shan hasken da gashin. Shi yasa ba kowace na'ura ce tamu ba. Akwai alekzandarait mai nanomita 755, wato lambar da ke nuna irin hasken da take fitarwa, wannan melanin na shanta sosai, tafi dacewa da farar fata. Akwai dayod mai wajen 800 zuwa 810, ana iya amfani da ita a fata mai duhu in an tsawaita harbin, an rage ƙarfi, an sanyaya fatar da kyau. Sai Nd:YAG mai 1064, wadda tafi nutsewa ciki kuma saman fata baya shanta da yawa, ita likitocin fata suka fi zaɓa wa irinmu. Ita kuma IPL da wasu ke tallatawa da sunan leza ba leza bace, fitila ce mai watsa haske kala-kala, kuma ita tafi saurin ƙona baƙar fata. Amma ku riƙe wannan, babu ɗaya a cikinsu da zata ƙyale baƙin zane, har ita Nd:YAG ɗin.

Yayarta ta shigo da fushin cewa na'urar ce ta jabu ko kuma ƙarfin akayi mata yawa. Na fahimci fushinta amma fatar bata faɗi haka ba. Ƙanwar ta ɗauki hoto a ɗakin kafin a fara, a hoton ana ganin na'urar, dayod ce mai 808, kuma ana ganin ƙafarta da baƙaƙen layukan raɗau. Da ƙarfi ne yayi yawa da ƙunar ta fito da siffar bakin na'urar, tambari-tambari a jere a ko'ina har cikin gidajen. Nan kuwa cikin gidajen lafiya lau, ƙunar ta bi sawun jagira layi bayan layi, muka ɗora hoton kusa da ƙafar komai ya hau daidai. Akwai wasu ƴan ɗigon ƙuna ƙanana da suka fita daga layi, su kuma ina kyautata zaton jagirar ce ta manne a gilashin bakin na'urar, domin irin wannan na'urar taɓa fata take yi, in datti mai duhu ya maƙale a gilashin shima zafi yake ɗauka ya dinga ɗanawa duk inda aka ɗora, kuma yana lalata gilashin kansa. Shi yasa ake goge bakin akai-akai ana cikin aiki.

Furen da ke idon sawu kuwa lalle ne. Sati biyu kafin nan anyi bikin ƙawarta an zana mata baƙin lalle, ya koɗe amma bai fita duka ba, ita a ganinta ai ya tafi, mai aikin kuma ta gani bata ce komai ba ta bi ta kai. Wannan wurin namu ne sosai, domin littattafan koyar da aikin nan da ake kawowa daga waje zasu ce miki tatu da man sa fata duhu, ba lallai su kawo zancen amaryar da ta sha lalle ba. Lalle rina saman fata yake, ja ko baƙi, kuma baƙin nan galibi rinin gashi ake haɗawa a ciki mai sinadarin PPD wanda shi kansa yana sa wasu fatarsu ta tashi. Wurin da ke da ragowar lalle ba'a harba masa leza, ko a jira ya fita tas ko a zagaye shi a tsallake.

Maganin da akayi mata ba wani abu bane mai wuya, likitanmu ya duba yace ƙunar bata yi zurfi ba sai ƴan wuraren da layi ya haɗu. Aka wanke, aka bar bororon ba'a fasa ba, aka shafa Vaseline aka rufe da bandeji mara mannewa, aka bata maganin zafi, aka ce kar ta ɓanɓare ɓawon komai ƙaiƙayi. A gida kafin su zo har an shafa mata makilin a ƙafa ɗaya, wata gwaggo kuma tace a sa shuɗin maganin nan jibi, dan Allah a daina, abin da ake yi wa sabuwar ƙuna shine ruwa mai sanyi yana zuba a kai kamar minti 20, ba ƙanƙara kai tsaye ba, ba makilin ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Babban abin da muka fi jin tsoro ba ciwon bane, tabon ne. Baƙar fata in ta ƙone tana warkewa da duhu fiye da da, wani lokacin kuma wurin yayi fari, kuma kowanne na iya ɗaukar watanni kafin ya daidaita, wasu kuma jikinsu na yin tabo mai tasowa. Na tambayeta ko hujin kunnenta ko wani tsohon ciwo ya taɓa tasowa tace a'a, hankalina ya ɗan kwanta. Mukace ta rufe ƙafar daga rana, in ta warke ta dinga shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama, kuma ba dilka ba kurkur ba gurza a wurin, wanda ga amarya wannan ba ƙaramin hukunci bane, sai da tayi hawaye.

Yanzu ya ya kamata ayi zanen tun farko? Da farin fensir, shikenan. Fari maida haske yake baya shansa, kuma a fatarmu ma yafi fitowa fes fiye da kowane launi, toh ban ma ga dalilin neman wani ba. Farin fensirin ido na kwalliya ma yana yi in dai fari ne tas ba mai ƙyalƙyali ba, kuma kuɗinsa bai kai komai ba in aka kwatanta da abin da ake karɓa a zama ɗaya. Banda biro, banda maka, banda kwalli, banda jagira ko da ruwan ƙasa ce, banda shuɗin alƙalamin nan da ake zana fata dashi a ɗakin tiyata, domin wasu na ganin tunda na asibiti ne ai lafiya, alhali tawadarsa irin jibi ce, mai duhu ce, an yi shi ne dan wuƙa ba dan leza ba. In farin ya ƙare a ɗaga zaman ko a aika a siyo, ko ayi aikin ba zane a bi a hankali da alamomin jiki kamar gwiwa da ƙashin ƙwauri.

Kafin fensir ya taɓa fata sai an gogeta tas ta bushe, ba mai ba hoda ba turare ba ragowar kwalliya, a hammata kuma a tabbatar ba abin hana warin jiki. Gashin an aske shi da reza tun jiya, domin in yana da tsawo a saman fata zai ƙone shima ya ƙona wurin. Sai a zana gidaje daidai yadda mai aiki zata iya gama ɗaya ta koma na gaba ba tare da ta rikice ba, amfanin gidajen kenan, kar a tsallake wani wuri ya fito da gashi tsibi-tsibi, kar kuma a maimaita wuri ɗaya zafi ya taru. Layin ya zama siriri, in na'urar mai buƙatar jel ce a fara zanen sannan a shafa jel ɗin. Wani abu da ba kowa ke lura ba, shi farin layin yana tare haske, dan haka gashin da ke ƙarƙashinsa baya samun rabonsa, sai a goge layin in an zo kansa ko kuma a zama na gaba a ɗan gusar da zanen. Sai tsafta, fensir ɗaya yana yawo daga hammatar wannan zuwa haɓar waccan bai dace ba, a fiƙe shi a goge da sifirit tsakanin mutum da mutum, a wuraren sirri kuma gara kowa da nata.

Rabin aikin zane kuma na nuna inda ba za'a taɓa bane, kuma ni a wajena wannan rabin yafi muhimmanci. Tawadar Allah taruwar launi ce wuri ɗaya, a zagayeta da fari a rufeta a tsallake, kar a ce ai na shafe ta da farin fensir sai a bi ta kai. In kuma tana girma ko tana canza launi ko tana jini, wannan likitan fata zai fara gani kafin ma ayi zancen gashi. Tatu a bar masa tazara, kamar santimita 2 ko fiye, a rufe shi da farin filasta. Haka jarfa da duk wani zanen gargajiya da aka cusa wa baƙin tukunya ko gawayi, shima kabon ne zaune a cikin fata, haka girar da aka yi wa zanen dindindin. Ido kuwa ba wasa, ba'a shiga cikin zagayen ƙashin ido da na'urar cire gashi, ba'a gyara ƙasan gira da ita, kuma mai aiki da wadda ake yi wa kowa sai ya sa tabaran kariya na irin wannan na'urar.

Maza ma suna zuwa, yawanci saboda ƙurajen aski a wuya da ƙeya, kuma leza na taimaka musu sosai. A nan zanen wata magana ce daban, domin mutum yana son gemunsa, wuyan kawai yake so a share, kuma gashin da leza ta rage ba lallai ya dawo yadda yake ba. Dan haka layin gemu a zaune ake zana shi, kai a miƙe, madubi a hannunsa, ya gani ya amince, domin in ya kwanta ya ɗaga haɓa fatar na jawuwa, layin da ka gani daidai a kwance in ya tashi sai ka ga ya hau sama ya ci gemu. Haka ake yi wa mata a gefen kunne da goshi.

Ita yarinyar da tayi aikin gaskiya ban iya ɗora mata laifin duka ba. An nuna mata maɓallan da zata danna, ba'a gaya mata dalilin da yasa fensirin yake fari ba, da ta san dalili ko kusa bazata buɗe jakarta ba. Wanda ya siyo na'ura ta miliyoyi ya kasa ajiye kwalin farin fensir, ya kasa zaunar da ma'aikatansa ya koya musu yadda hasken ke aiki, shi ne mai babban kaso. Abin da yafi ɓata min rai kuma shine kalmar ki daure. Leza tana da ɗan zafi, eh, amma zafin da ya bambanta daga wuri zuwa wuri, da ƙara, da fata tana canza launi zuwa toka-toka nan take, duk alamu ne na a ɗaga hannu a duba. Da an tsaya a layin farko da ƙuna ɗaya ce ƴar ƙarama ba ƙafa biyu ba.

Sannan ba'ayi mata gwaji ba. Ƙa'ida ce a harba a ɗan wuri kaɗan a jira aƙalla kwana biyu a gani, a baƙar fata ma gara a ƙara, saboda tamu takan jinkirta nuna ɓacin ranta. Ba kuma a tambayeta komai ba, ko tana shafa man bilicin, wanda da yawa akwai sitiroyid a ciki mai sa fata tayi siriri, ko tana shan maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi irin isotretinoin ko wani maganin da ke sa fata jin haske, ko tayi halawa kwanan nan, domin halawa da tsiga suna tuge saiwar da lezar ke nema, sai an bar su kamar wata guda kafin zama. Ke ma da zaki je, kina da ikon ki ce a nuna miki fensirin, ki tambayi sunan na'urar da lambarta, ki nuna duk wani lalle ko tabo ko zane da ke jikinki da bakinki kar ki jira a gani.

Ciwon ya rufe cikin kamar sati biyu ba tare da ya yi ruwa ba, ɓawon ya zube da kansa, ya bar layuka masu duhu da ɗan fari-fari a mahaɗar layukan. Likita ya rubuta mata man rage duhu na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawarsa, ba na kasuwa ba. Lokacin biki layukan sun ragu amma ana gani in an matso, mai lalle ta tsaya iya tafin ƙafa da yatsu da jan lalle zalla kamar yadda muka roƙa. Gashin kuma tace har yanzu tana son a cire, dama aikin ba na zama ɗaya bane, yakan kai shida zuwa takwas da tazarar makonni tsakani saboda gashi ba lokaci ɗaya yake tsirowa ba. Mun ce sai launin ƙafar ya daidaita tukuna, sannan a fara da gwaji a ɗan wuri da Nd:YAG, wuraren da suka yi fari kuma za'a zagaye su a bar su sai likita ya sake dubawa.